Guguwar Milton na tafe, maigida ya ce ba inda za shi, ga tsohuwa ga yara ga mage

Maman Sadiq (Tampa), Litinin 7 ga Oktoba 2024, bayan la'asar

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Yau hukumar gundumar Hillsborough ta ce duk wanda ke shiyya ta A da ta B ya fice saboda guguwar Milton da ke tafe. Mu muna A, unguwar Town 'N' Country, akwai mashigin ruwa a bayan layinmu. Kwana 11 ke nan da wucewar guguwar Helene. Ruwanta ya zo har bakin garejinmu ya tsaya, na ƙasan layi kuwa ya shigar musu har uwar ɗaka. Katifunsu da kujeru da firij na nan jibge a bakin titi, ba a kwashe ba.

Mu shida ne: ni da Baban Sadiq da yara uku, sai Hajiya mahaifiyarsa da ta zo daga Kano watan jiya, tana da ciwon sukari, allura take yi. Sai magen yara. Baban Sadiq ya ce mu tafi, shi zai tsaya ya kula da gida. Hajiya ta ce ƙafarta ƙafar ɗanta. Otal uku na kira, biyu sun cika, na ukun ya ce ba ya karɓar dabba. Ina za mu nufa, kuma yaya zan yi da mutanen nan biyu?

Sarkin Mota (Atlanta)

Wa alaikumus salam. Anti ku sha mai ku kamo babbar hanyar I-75 ku taho Jojiya yau ɗin nan. Gidana a buɗe yake. Guguwar nan ta kai mataki na 5, mafi ƙarfi, ba abin tsayawa shawara ba ce. Kuma otal ɗin da ya hana ki ɗaki saboda mage ƙarya yake yi, akwai dokar da ta tilasta musu karɓar dabbobi in an shiga irin wannan hali.

Anti Nas (Orlando)

Sarkin Mota, Allah ya saka da alheri, amma maganar dokar nan ba haka take ba, kada ta je ta tsaya gardama a bakin kanta da tsohuwa a mota. Dokar da kake nufi ta 2006 ce, wadda aka yi bayan guguwar Katrina, saboda mutanen New Orleans da yawa sun ƙi hawa motocin ceto da aka ce su bar karnukansu da magunansu. Abin da ta ce shi ne jihohi da gundumomi su saka dabbobin gida a cikin shirinsu na kwashe mutane. Shi ya sa yanzu ake da mafakar gwamnati masu karɓar dabba. Otal bai shiga ciki ba, mai otal na da ikon cewa a'a.

Kawu Houston

Ƙanwata, ku fita, amma kada ki ɗora tsohuwa mai sukari a hanyar Atlanta. Ranar lafiya lau ma tafiyar awa 7 ce, balle yau da rabin gabar Florida ke kan titi ɗaya.

Ni ganau ne. A Satumban 2005, wata ɗaya bai cika da Katrina ba, aka ce guguwar Rita ta nufo Houston. Tsoro ya kama kowa, na bakin teku da na kan tudu duk muka ɗunguma kan babbar hanyar I-45 lokaci guda. Na fita da iyali da hantsi, har gari ya sake wayewa ba mu yi nisan da nake yi a awa biyu ba. Zafi kamar Sakkwato a watan Afrilu, kuma dole ka kashe na'urar sanyaya mota don kada mai ya ƙare. Na ga motoci jere a gefen hanya, mai ya ƙare, mata na yi wa jarirai fifita da kwali. Sama da mutum 100 suka rasu a gudun nan, har da tsofaffi 23 da bas ɗinsu ta kama wuta kusa da Dallas. Guguwar kuma ta karkata gabas, Houston ba ta sha wani mugun duka ba.

Abin da na koya tun ranar: ruwan teku ake guje wa, iska kuwa ɓuya ake yi mata a gini mai ƙarfi. Shiyyoyin nan na A da B an zana su ne bisa inda teku zai iya hawa. In kin yi mil 20 ko 30 cikin ƙasa, kin samu gidan bulo a wajen shiyyoyin, kin gama abin da aka ce ki yi. Waye namu a arewacin Tampa?

Maman Yusra (Wesley Chapel)

Ga mu nan Kawu. Maman Sadiq, don me ba ki kira ni ba tun ɗazu? Gidanmu na bulo ne, ba ma cikin shiyyar da aka ce a fice, mun rufe tagogi tun jiya. Hajiya ta ɗauki ɗakin ƙasa kusa da banɗaki, ke da yara ɗakin su Yusra, maza a falo. Abu ɗaya ne kawai: Yusra na da asma, gashin mage na tayar mata. Ban san yadda za mu yi da wannan ba.

Ɗan Kurmi (Kano)

Ku yi haƙuri ni daga gida nake kallo, amma abin ya ban mamaki. Ana maganar ran mutum shida, ana kawo zancen mage? A buɗe mata ƙofa mana, mage ai ba ta rasa inda za ta hau. Ko a zuba mata abinci a rufe ta a ɗaki, kwana biyu ne. Zaman Turai ya sa kun fara ɗaukar dabba kamar ɗa.

Ɗan Gwange (Maiduguri)

Ɗan Kurmi, kusan wata ɗaya ke nan da na ji irin wannan maganar daga bakina da kaina. Daren da madatsar Alau ta ɓalle, wayewar garin 10 ga Satumba, ruwa ya same mu a Gwange cikin barci. Tun da yamma ake ta raɗe-raɗi, muka ce ai tun 1994 ba a ga irin haka ba. Da muka tashi, ruwa na gwiwa, kafin in gama ɗora yara a kafaɗa ya kai ƙugu. Akwai tumaki huɗu a turke a bayan gida. Matata ta ce a kwance su, na ce bari mu kai yara tudu in dawo. Ban samu dawowa ba sai bayan kwanaki. Na same su a turkensu, igiya na wuyansu.

Ba kuɗinsu ke damuna ba. Ni na ɗaure su da hannuna, kuma wuƙa na cikin aljihuna a daren. Har gidan namun daji na Sanda Kyarimi ruwan ya cinye, yawancin dabbobin suka mutu a kejinsu, kadoji da macizai suka bi ruwa cikin unguwanni. Ku da aka ba ku kwana biyu cur ku shirya, har da taswira da sa'ar da abin zai iso, wallahi ni'ima ce. Maman Sadiq, ki ɗauki magen.

Malam na Bronx

Allah ya mayar maka da alheri Ɗan Gwange. Ɗan Kurmi, wannan ba koyi da Turawa ba ne. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage yana cikin Buhari da Muslim: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya ajiye dabba a gidansa ya ɗauki amanarta. Kulle ta a ɗakin da aka ce ruwa zai iya haura rufinsa, sannan a ja ƙofa a tafi, ina jin tsoron kada ya yi kama da wancan.

Ga Baban Sadiq kuma, in yana karantawa. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, aka ce masa annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Babu wanda ya ce imanin Umar ya yi rauni.

Baban Sadiq (Tampa)

Allah gafarta Malam, ina karantawa. Ba wai ina ja da ƙaddara ba ne, kuma ban hana kowa tafiya ba. Shekara 11 nake garin nan. A 2017 aka ce guguwar Irma na tafe, muka kwana a hanya, muka dawo muka tarar da ganye kawai a tsakar gida. A 2022 aka ce Ian Tampa za ta daka, ta sauka can kudu wajen Fort Myers. Tun 1921 babbar guguwa ba ta faɗo wa Tampa kai tsaye ba. Gidan nan gumin shekara tara ne, har yanzu ina biyan bashinsa. In rufi ya ɗaga ko taga ta fashe, mutum na ciki zai iya tare ɓarnar tun tana ƙarama. In an fita kuma, sai a rufe hanya a hana ka dawowa kwana da kwanaki.

Kawu Houston

Baban Sadiq, na ji ka, kuma na san zafin biyan bashin gida. Amma amsa mini: daga daɓen falonka zuwa silin ƙafa nawa ne? Takwas, ko tara. Cibiyar lura da guguwa ta Miami ta ce teku zai iya hawa ƙafa 10 zuwa 15 a mashigin Tampa. Helene da ta zo maka bakin gareji ƙafa 6 zuwa 7 ta kawo, kuma ita daga nesa ta wuce, ba ta sauka a kanku ba. Ninka wannan biyu. Da wane tawul za ka tare shi?

Ian da ka kawo misali, ita ce hujjata. Mutanen Fort Myers su ma sun ji an ce Tampa za ta, suka saki jiki. Da ta karkata, lokaci ya ƙure musu. Kusan mutum 150 suka rasu a Florida, da yawansu nutsewa suka yi. Kuma ka sani, da zarar iska ta yi ƙarfi motocin agaji ba sa fita. Za ka kira, za a ɗauka, za a rubuta sunanka, a ce ka jira gari ya lafa. Magajiyar garin Tampa Jane Castor ta faɗa a CNN da daren nan ba tare da kwana-kwana ba, cewa wanda ya zauna a shiyyoyin da aka ce a fice mutuwa zai yi.

Sannan tunda Hajiya ta ce ƙafarta ƙafarka, zamanka zamanta ne. Ka san ba za ka iya hawa rufi da ita cikin duhu ba.

Anti Nas (Orlando)

Bari in yi maganar Hajiya, don nan ne aikina. Maman Sadiq, yau ki je kantin magani kafin su rufe. In gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a Florida, ana ba mutum damar sake karɓar maganinsa ko lokacin bai yi ba. Insulin ɗin da ba a buɗe ba ki sa a ƙaramar kula, amma ki naɗe shi da tawul, kada ya taɓa ƙanƙara, in ya daskare ya lalace. Wanda take amfani da shi yana kai kwana 28 a waje in ba a bar shi cikin zafi ba, don haka kada a bar shi a mota. Ki haɗa da na'urar gwaji da allurai da dabino ko alewa, saboda tashin hankali kan sa tsofaffi su ƙi cin abinci, sukari ya faɗi.

Fasfo ɗinta da takardar shigowarta, takardun zamanku, na haihuwar yara, na inshora, duk a leda mai zif, a jakar da ke kafaɗarki. Ki zaga gidan da waya ki ɗauki bidiyon kowane ɗaki, ki buɗe durowa da kabad, ranar neman diyya za ki gode. Ki ciri tsabar kuɗi, in wuta ta ɗauke kati ba ya aiki.

Mage kuma: keji, abincin mako guda, yashin da take kashi a ciki, da takardar allurar haukan kare. Ko da za ku ƙare a mafakar gwamnati, ita za su fara tambaya. Ki saka ta a kejin tun kafin ku fara fitar da kaya. Mage na ganin ana jan akwati za ta shige inda hannu ba ya kaiwa.

Maman Yusra (Wesley Chapel)

Mun yi magana da Baban Yusra. Ɗakin wanki na da ƙofarsa, ba shi da taga, a nan magen za ta zauna, Sadiq ya riƙa kula da ita, ya wanke hannu ya canza riga kafin ya shiga wajen Yusra. Na duba abin shaƙarta, akwai biyu. Ku taho kawai. Ku zo da ruwan sha in kun samu, galan ɗaya ga kowane mutum a rana ake lissafi, kantunan nan duk an share su.

Maman Sadiq (Tampa), daren Litinin

Na gode, Allah ya bar zumunci. Wata sabuwa ta taso. Na leƙa maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Baturiya da mijinta ya rasu, ta daina tuƙi. Na same ta zaune a kicin da karenta a gindin kujera, ko jaka ba ta haɗa ba. 'Yarta na wata jiha mai nisa. Ta ce ita ba za ta shiga motar kowa ba in ba da karen ba, shi ke nan abin da ya rage mata. Matar nan ita ta riƙa kawo mini miya lokacin da na haifi autana, ba ni da kowa a garin nan. Na faɗa wa Hajiya, ta ce a ɗauki matar amma ita ba za ta zauna mota ɗaya da kare ba, tufafin sallarta ne a jikinta. Malam, mene ne hukunci?

Malam na Bronx

Ki gaishe da Hajiya, ki gaya mata a mazhabar Imamu Malik da aka karantar da mu a gida, kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki umarni ne da ake bi don bauta. Sauran malamai sun saɓa, kuma ƙyamar da take ji ba laifi ba ce, da ita muka tashi. Amma sallarta ba ta ɓaci don kare ya shiga mota. Ga kuma hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Haƙƙin maƙwabtaka kuwa bai tambayi addinin maƙwabci ba. Ba mota biyu gare ku ba?

Ɗan Kurmi (Kano)

Malam na karɓi gyara a kan mage. Ɗan Gwange ka yafe ni, ban san abin da ya same ka ba. Amma kare a gidan mutane, da yara da wurin salla, ni dai har yanzu bai kwanta mini ba.

Maman Yusra (Wesley Chapel)

Ni ma ba zai shigo mini falo ba Ɗan Kurmi, kuma na gaya mata gaskiya. Gareji ne wurinsa, da kejinsa, mun matsar da mota gefe. Matar kuma za ta kwana ɗaki ɗaya da Hajiya in sun yarda da juna.

Maman Sadiq (Tampa), Talata 8 ga Oktoba, da hantsi

Alhamdu lillahi mun iso, dukkanmu. Hajiya ce ta warware maganar. Bayan sallar isha ta kira ɗanta ta ce, tunda mota biyu ce, kai za ka ɗauki matar nan da karenta, ni in bi matarka. Ya ce to zai kai ta ya dawo. Ta ce in ka dawo, ka dawo da ni. Bai sake cewa komai ba. Ya kwana yana ɗora kaya a kan tebur da saman kabad, ya shigo da kujerun waje da tukwanen fulawa, ya kashe wuta daga babban makunni, muka fita bayan asuba.

Tafiyar da ba ta wuce minti 40 ba ta ci mana fiye da awa biyu. Gidajen mai da yawa an ɗaure bakin famfo da leda, Allah ya sa mun sha tun ranar Lahadi. Anti Nas, na yi abin da kika ce amma na makara: magen ta shige bayan injin wanki, sai da Sadiq ya kwanta rub da ciki da gwangwanin kifi kusan rabin awa. Ta yi kuka tun daga ƙofar gida har nan. Da muka juya kwanar layinmu na ga Hajiya na kallon tarin katifun nan ta taga, tana jan carbi, ba ta ce uffan ba.

Sarkin Mota (Atlanta), Laraba 9 ga Oktoba

Kun ga hoton da 'yan sandan babbar hanya na Florida suka fitar yau? Kare ɗaure a jikin shinge a gefen I-75, nan kusa da Tampa, ruwa ya kai masa ƙirji. Wani ya ɗaure shi ya tafi. Allah ya sa ɗan sandan ya hango shi. Anti Nas na gode da gyaran shekaranjiya. Wasu baƙi da suka iso mana daga Florida sun ce sun kwana a hanya, gara da ba ku taho ba.

Anti Nas (Orlando), Laraba da dare

Guguwar ta sauka wajen ƙarfe 8 da rabi kusa da Siesta Key, kudu da Tampa, a mataki na 3. Tun da rana iska mai juyawa ta yi ɓarna har can gabas wajen Fort Pierce, an rasa rayuka. Duk wanda zai tayar da janareta, a waje, nesa da taga da ƙofa, ba a gareji ba ko da a buɗe yake. Mu da muka taso a Najeriya mun san iyalan da hayaƙin nan ya kwashe cikin barci. Su Maman Yusra, a yi mana magana in akwai sabis.

Maman Sadiq (Tampa), Juma'a 11 ga Oktoba

Muna lafiya, sai yau waya ta kama sosai. Daren Laraba wuta ta ɗauke, muka taru a lungun tsakiyar gida da katifu. Ƙarar iskar kamar tirela na wucewa a kan rufi, ba ta tsayawa. Karen ya yi ta haushi a gareji, matar ta tashi za ta je wajensa, Hajiya ta riƙe mata hannu ta zaunar da ita. Ba mai jin yaren wata, haka suka kwana hannu cikin hannu.

Yau Baban Sadiq da Baban Yusra suka je duba gida. Teku bai hau ba. Da yake guguwar ta sauka kudu da mu, iskar ta tura ruwan mashigin waje ne maimakon ciki. Ruwan sama ne ya yi ɓarna: rufi ya ɗaye ta gefen ɗakin yara, silin ya rufto a kan gadon Sadiq, reshen bishiyar maƙwabta ya karya shinge. Ba wuta, naman da ke firiza duk ya lalace.

Ɗan Kurmi (Kano)

Alhamdu lillahi. To ashe da Baban Sadiq ya zauna ma ba abin da zai same shi.

Baban Sadiq (Tampa)

Haka ne, wannan karon. Na yi wannan tunanin a hanya, har na fara jin haushi. Sai na duba taswira: tsakanin inda ta sauka da ƙofar gidana tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota, kuma har ranar Laraba da safe ba wanda ya isa ya ce ga inda za ta faɗa. Can kudu inda ruwan ya hau, gidaje irin nawa ne. Na tsaya a ɗakin yara ina kallon silin a kan filon Sadiq, na daɗe ban fita ba.

Kawu, Malam, na gode. Maman Yusra, Allah ya biya ku, za mu ƙara muku kwana biyu kafin wuta ta dawo. Gidan maƙwabciyarmu bai yi komai ba sai tagar kicin, na rufe mata da katako, 'yarta na zuwa ranar Lahadi. Wanda ke kusa da Tampa yana da zarton inji da babban tamfol, don Allah ya kira ni gobe da safe, ina so in rufe rufin kafin wani ruwan ya sauko.